Ƙurar shagon kafinta da ke cikin gida: inda take tasowa da yadda ake tare ta

A unguwannin Maraɗi irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo da Sabon Gari, ba abin mamaki ba ne mutum ya tarar an mai da zauren gida, ko wani ɗaki na bakin ƙofa, wurin aikin kafinta, ana yanka katako ana haɗa gadaje da kujeru da sauran kayan ɗakin amare, alhali bango ɗaya ne tsakanin injin da tsakar gidan da ake girki da renon yara. Dalilin yin hakan a bayyane yake, domin mai sana'a ya huta da kuɗin haya, kayan aikinsa suna ƙarƙashin idonsa dare da rana, kuma wutar gidan ita ce wutar aikin. Abin da ba a cika sa shi a lissafi ba shi ne ƙurar da aikin ke tayarwa, wadda a shagon kasuwa kafinta da yaransa kaɗai take shafa, amma a cikin gida kowa yana da rabonsa a cikinta, har da jaririn da ke goye da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe zarto ba.

Matsalar ba ta da daɗewa a ƙasar nan kamar yadda aikin itace yake da daɗewa. Masassaƙin da ke fafe turmi daga kirya, ko yake sassaƙa ƙotar fartanya da gizago, ɓaraguzai yake zubarwa, masu nauyi, waɗanda ke faɗuwa a gabansa, mata su kwashe su hura wuta. Injin yanka mai faifan zarto da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya, da injin goge katako, su ne suka sauya lamarin, saboda suna niƙa wani kaso na katakon ya zama gari mai laushin da iska ke iya ɗauka, sannan gudun faifan da kansa ya watsa shi cikin ɗakin. Iya ƙarfin inji da saurinsa, iya laushin abin da yake fitarwa, kuma a duk ayyukan shago babu wanda ya kai gugar samfefa fitar da ƙura mai laushi.

Ana auna girman ƙwayar ƙura da ma'aunin da ake kira maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kan mutum yakan kai maikiron 50 zuwa 70, kuma ido ba ya iya tsinkayar ƙwaya guda idan ta yi ƙasa da wannan sosai. Garin da ke taruwa a ƙarƙashin injin yanka, wanda ake cika buhu da shi, manyan ƙwayoyi ne, suna faɗuwa ƙasa nan take, illarsu ba ta wuce ƙazanta da tsone ido ba. Matsakaitan ƙwayoyi su ne ke maƙalewa a hanci da maƙogwaro, su fito cikin majina da kaki. Waɗanda suka gaza maikiron 10 suna wuce maƙogwaro su shiga hanyoyin iska na ƙirji, mafi ƙanƙanta a cikinsu kuma su kai har ƙarshen huhu, inda jini ke karɓar iska, wurin da tari ba ya iya fito da su. Ƙwaya mai maikiron 10 takan ɗauki kamar minti 10 kafin ta sauko daga tsayin mita 2 idan iska a tsaye take cik, ita kuwa mai maikiron 1 tana iya wuni tana shawagi. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya kashe inji da la'asar ya rufe ɗakin, yaron da aka aika ɗauko wani abu bayan magariba zai shaƙi ragowar aikin la'asar ɗin.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a kan ƙura ido ba ya sanin ƙimar sai an taimake shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a goge katako na 'yan mintoci da yamma, a rufe taga da ƙofa ɗakin ya yi duhu, sannan a ɗora tocila mai ƙarfi a kan teburin aiki ta haska wurin da fuskar mai aiki take zama, shi kuma mai kallo ya koma can gefe yana fuskantar hasken a karkace, ba tare da ya shiga idonsa kai tsaye ba. Iskar da a ɗazu ake ganin ta tas za ta bayyana cike da ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli, suna murɗawa suna hawa sama a hankali, idan mutum ya gitta sai su bi bayansa, idan aka buɗe ƙofar da ke kallon tsakar gida kuma sai a ga sun yi layi sun nufi can. Masu binciken lafiyar ma'aikata a ƙasashen Turai suna amfani da irin wannan fitila har yau, kuma a ganina duk wanda zai kashe kuɗi a kan maganin ƙura ya kamata ya fara da wannan gwajin, domin shi ne zai nuna masa inda ƙurar tasa ke fitowa da hanyar da take bi.

Ƙasashe da dama sun ƙayyade yawan ƙurar katako da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa a aikin awa 8. A Faransa, tun shekarar 2005, iyakar ita ce miligiram 1 a cikin kowace mita kubik ta iska, kuma mita kubik ɗaya daidai take da cikin duro biyar masu ɗaukar lita 200. Tarayyar Turai ta sauko da nata mizanin na katako mai tauri zuwa miligiram 2 a shekarar 2023, Birtaniya kuma tana kan miligiram 3. Idan aka ɗauki ɗaki mai faɗin mita 4, tsawon mita 5, tsayin mita 3, iskar da ke cikinsa mita kubik 60 ce, saboda haka a ma'aunin Faransa miligiram 60 na ƙura ya isa ya kai ɗakin gaba ɗaya iyaka, abin da bai wuce nauyin ƙwayar shinkafa biyu ko uku ba. To, faifan zarto mai kaurin milimita 3, idan ya tsaga katako mai kaurin milimita 25 na tsawon mita ɗaya, ya mai da kimanin giram 45 na katako gari. Ko da kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai na wannan garin ya tashi sama ya tsaya, ɗakin ya ninka iyakar fiye da sau 7 da yanka ɗaya tak, alhali mai aikin ƙarfi yana jan kusan mita kubik 10 na iska cikin ƙirjinsa a wunin aiki.

Abin da ƙurar ke haifarwa ya danganta da irin katakon. Yawancin katakon da ake aiki da shi a Maraɗi daga dazuzzukan kudu yake zuwa, kuma a cikinsa akwai irin da likitocin ma'aikata suka daɗe da sani. Farin katakon nan mara nauyi da ake kira samba ko obeche yana cikin sanannun masu jawo asma ga kafintoci. Iroko yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje a wuya da hannu, yana kuma iya tayar da asma. Mansoniya, wanda wasu ke kira bete, ya yi suna wajen sa atishawa da haɓo da jiri. Asmar da ƙurar katako ke jawowa tana da wata ɗabi'a da ya kamata a fahimta: mutum zai iya shekaru yana aiki da katako iri ɗaya lafiya lau, sai wata rana jikinsa ya ƙi shi, daga nan kuma ɗan kaɗan ya isa ya toshe masa ƙirji, sau da yawa ma ba a lokacin aikin ba, sai cikin dare bayan ya kwanta. Wanda ya kai wannan matsayi da wuya ya koma yadda yake a da muddin yana shaƙar ƙurar katakon nan.

Akwai kuma ciwon dajin kogon hanci. A cikin shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura cewa wani nau'in wannan ciwo, wanda ba kasafai ake ganin sa a sauran jama'a ba, ya yi yawa a tsakanin masu ƙera kujeru na garin High Wycombe, binciken da ya biyo baya a wasu ƙasashe kuma ya tabbatar da alaƙar. A shekarar 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa ƙurar katako a rukunin farko, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Gaskiya ne cewa ciwon ba mai yawa ba ne ko a cikin kafintoci, bai kamata a tsorata mutane da shi fiye da kima ba, amma yakan ɗauki shekaru 20 zuwa 40 kafin ya bayyana, wanda ke nufin yaron da ya fara gugar samfefa yana ɗan shekara 12 yana da isasshen lokaci a gabansa.

Ba katako kaɗai ake yankawa a irin waɗannan ɗakuna ba. Allunan MDF da suka cika kasuwa don yin kabad da teburan talabijin, zaren katako ne da aka niƙa aka matse da gam, don haka yankansu yana fitar da gari mai laushi fiye da na katakon asali, gam ɗin kuma yana ɗauke da sinadarin fomaldihaid mai sa yajin ido da hanci. Mai gyaran tsofaffin ƙofofi da tagogin ƙarfe, idan ya kankare fenti da inji, yana iya tayar da ƙurar dalma, musamman daga jan fentin hana tsatsa da wasu launukan rawaya. Mai yanka tayil ko bulo a bushe yana tayar da ƙurar silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da dutse, wadda ke sa huhu ya yi tabo ya ƙandare, ciwon da ba shi da magani kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Game da dalma, ba sai an je nesa neman misali ba: a shekarar 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ana daka duwatsun zinariya ana niƙa su a cikin gidaje, ƙurar mai dalma ta zauna a ƙasar da yara ke rarrafe suna kai hannu baki, har sai da aka kankare ƙasar tsakar gidajen aka zuba sabuwa. Dalmar fenti ba ta kai ta waɗancan duwatsu yawa ba, amma hanyar da take bi zuwa cikin yaro ita ce dai wannan.

Wani zai ce ai Maraɗi garin ƙura ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso hazo daga Sahara, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kowa yana shaƙa, don haka ƙurar shago ba wani sabon abu ba ce. Wannan magana ta juya lissafin ne. Hanci da ƙirjin da bushewar hunturu ta riga ta tsattsage, su ne ƙurar katako ke samu ta ƙara wa nauyi, kuma lokacin ne aiki ya fi yawa, domin bayan kaka kuɗi ya shiga hannun manoma, bukukuwan aure sun taso, kowane uban amarya yana son gadonsa kafin ranar kai kaya. Lokacin ne kuma sanyin safiya ke sa a rufe taga a yi aiki a ɗaki.

Matakin farko, wanda ba ya cin kuɗi sosai, shi ne rage yawan ƙurar da ake yi tun asali. Faifan zarto mai kaifi yana yanke katako ya fitar da ƙananan ɓaraguzai, dakusasshe kuwa gurzawa yake yi, ya ƙona gefen katakon ya fitar da gari. Katakon da aka fere fuskarsa da kyau da wuƙa mai kaifi, ta inji ko ta hannu, ɗan shafawa kawai yake buƙata, amma wanda aka bari da tabon zarto sai an daɗe ana cin sa da samfefa. Yawan gugar da ake yi a shagunanmu, a gaskiya, biyan bashin wuƙaƙen da ba a wasa ba ne. Tayil da bulo kuma da ruwa ake yanka su, ana zuba shi a kan faifan a hankali, tare da kiyaye cewa ruwan bai kai ga wayar wuta ba.

Mataki na biyu shi ne kama ƙurar a daidai inda take fitowa, kafin ta bazu, kuma a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi saboda rashin sanin halin iska. Hurawa da zuƙa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Iskar da aka huro daga bakin bututu tana tafiya a dunƙule, tana iya kai nisan da ya ninka faɗin bututun sau 30 kafin gudunta ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma. Iskar da ake zuƙa kuwa daga ko'ina take taruwa, gaba da gefe da baya, saboda haka a nisan faɗin bututun sau ɗaya kacal gudunta ya riga ya faɗi zuwa wannan kashi ɗaya cikin goman. Bututu mai faɗin santimita 10 da aka rataye rabin mita daga faifan zarto, ƙararsa kawai ake ji, ba abin da yake kamawa. Dole bakin ya matso dab da wurin yankan, ya kasance a ɓangaren da faifan ke jefa garin, a kuma kewaye ƙarƙashin injin da akwati na falle ko na kwano, yadda iska ba ta da hanyar shiga sai ta wurin da ƙurar take.

Injinan zuƙa iri biyu ne, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Ƙaramin injin zuƙe ƙura mai siririn tiyo yana da ƙarfin ja amma iskar da yake ɗauka kaɗan ce, shi ya dace da injin goge katako na hannu, wanda galibi yana da ramuka a tafinsa da wata 'yar ƙofa a baya da ake sa wa jaka. Cire jakar a haɗa tiyon a wurin, tare da amfani da samfefa mai ramukan da suka yi daidai da na injin, shi ne gyara guda da ya fi kowane rage ƙura mai laushi a ƙaramin shago. Babban injin yanka da injin fere katako kuwa iska mai yawa suke buƙata, ta bututu mai faɗin santimita 10 ko fiye, kuma gudun iskar a cikin bututun ya kai kamar mita 20 a daƙiƙa, in ba haka ba garin zai kwanta a ciki ya toshe shi. A bututu mai wannan faɗin, hakan na nufin fiye da mita kubik 500 a awa. Bututun ya zama gajere, mai santsin ciki, lanƙwasarsa ta zama mai faɗi, domin kowace kwana mai kaifi da kowace mita ta tiyo mai ƙunci-ƙunci suna cinye ƙarfin fankar. Irin wannan inji yana jan wutar da ta kai wat 750 zuwa 1,500, abin da mai dogaro da ƙaramin janareta zai duba kafin ya saya.

Akwai wata dabara da maƙerin kwano zai iya haɗawa a cikin gari. Ana samun duro mai murfin da ke rufuwa ruf, a ɗora masa mazurari na kwano mai tsawo, bakinsa mai faɗi a sama, tsininsa ya shiga cikin duron. Tiyon da ke zuwa daga injin aiki yana shiga ta gefen mazurarin a karkace, yana bin bangonsa, bututun da ke zuwa ga injin zuƙa kuma yana fita ta tsakiyar murfin sama. Iskar da ta shigo sai ta riƙa kewayawa kamar guguwa, garin mai nauyi ya bugi bango ya zame ƙasa cikin duron, iskar da ta yi sauƙi ta fita ta tsakiya. Amfaninsa shi ne matatar injin ba ta saurin toshewa, ƙarfin jan kuma ba ya raguwa. Iyakarsa ita ce mafi laushin ƙurar tana tserewa tare da iskar, kuma ko ƙaramar kafa ce a bakin murfin duron ta isa ta lalata aikin duka, don haka ana liƙe shi da robar tsohon tub.

Tambayar da ta rage ita ce ina iskar da ta fito za ta je. Injinan da ke zuwa da jakar yadi a sama suna riƙe manyan ƙwayoyi ne su busa masu laushin ta ramukan saƙar yadin su koma ɗaki, wanda gwajin tocila zai nuna ƙarara. A ƙasashen sanyi ana sayen matata mai tsada, irin wadda ake kira HEPA mai kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu maikiron 0.3, saboda ba sa son fitar da iskar da suka kashe kuɗi suka ɗumama. Mu a nan ba mu da wannan damuwa, injin da jakarsa suna iya zama a waje ƙarƙashin rumfa, bututu kawai ya ratsa bango. Sai dai wajen ya zama wanda aka zaɓa da tunani: kada ya kalli tsakar gida, ko madafa, ko tagar maƙwabci, ko wurin da ake shanya hatsi da kuɓewa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina kuma daga kudu maso yamma, saboda haka mafitar da ta yi daidai a watan Janairu tana iya mai da ƙurar cikin gida a watan Agusta. Ƙofar da ta haɗa ɗakin aiki da cikin gida ita ce babbar hanyar ƙura, kuma inda hali ya yi, toshe ta a buɗe wata ta waje ya fi labule.

Fankar sama ba ta fitar da ƙura, juya ta take yi, ta kuma tayar da wadda ta kwanta. Abin da ke aiki shi ne fankar da aka kafa a taga tana tura iska waje, da wata kafa a bangon da ke fuskantarta inda sabuwar iska ke shigowa. Fankar da ke fitar da mita kubik 600 a awa tana sauya iskar ɗakin nan mai mita kubik 60 sau 10 a awa, kuma saboda sabuwar iska tana cakuɗuwa da tsohuwa, sai an sauya sau uku, wato kusan minti 20, kafin kashi 95 cikin ɗari na ƙurar da ke sama ya fita. Don haka ba a kashe fankar tare da injin aiki. Tsayuwar mai aiki ma tana da muhimmanci, ko a ɗaki ko a rumfa: idan iska tana tunkarar fuskarsa, ƙurar take kawo masa, idan kuma ya ba ta baya, jikinsa yana tare ta ya bar wani wuri a gaban ƙirjinsa inda iskar ke juyawa ta ɗago ƙurar zuwa hanci. Iskar da ke gittawa ta gefe ita ce ta fi.

Shara da busasshiyar tsintsiya, da hure kaya ko riga da injin iska, suna mai da ƙurar da ta kwanta sama ne. Al'adar da iyayenmu mata suka saba da ita ta yayyafa ruwa kafin shara ita ce daidai, sai a bi teburi da kantoci da jiƙaƙƙen tsumma. Daɓen siminti mai santsi ya fi ƙasa mai yashi, wadda ke shanye gari ta riƙa sakinsa duk lokacin da aka taka.

Takunkumi ne mutane ke fara tunawa, alhali shi ne na ƙarshe a daraja, domin wanda ya sa shi kaɗai yake karewa, kuma a zafin watan Afrilu ba kowa ke iya wuni da shi ba. Rawani ko ƙyallen da ake naɗewa a hanci, da shuɗin takunkumin asibiti da ya yawaita tun annobar korona ta 2020, manyan ƙwayoyi suke tarewa, masu laushin suna bi ta saƙar ko ta gefen kumatu. Wanda aka yi domin ƙura yana ɗauke da rubutun FFP2 ko N95, masu tace kashi 94 da 95 cikin ɗari, ko FFP3 mai tace kashi 99, yana da igiya biyu da ke zagaya kai da ɗan ƙarfen da ake matsewa a karan hanci. Duk wannan lissafin ya dogara ne ga takunkumin ya manne da fata, kuma gemu da saje suna hana shi mannewa, magana ce da ba a son faɗa amma haka take. Mai gemu ya fi kowa buƙatar ya kashe kuɗinsa a kan zuƙa da fanka. Madarar da wasu ke sha bayan aiki da sunan wanke ƙirji kuwa, ciki take zuwa, ba ta bi ta huhu ba.

A tsarin shagunanmu, aikin da ya fi ƙura shi ake ba mafi ƙanƙanta. Maigida ya auna ya yanka ya haɗa, sannan ya ce, "Kai, zo ka goge wannan kafin azahar," yaron ya ce, "To, maigida," ya durƙusa a kan kan-gadon fuskarsa kamu ɗaya daga samfefar, har girarsa ta yi fari. Idan takunkumi ɗaya ne mai kyau a shagon, na mai guga ne, kuma gugar ta fi dacewa da waje a kan teburi mai tsayi, ba a tsugune ba. Rigar aiki ta tsaya a ɗakin aiki, kada a kai wa uwargida ta kakkaɓe ta a tsakar gida, a jiƙa ta tukuna sannan a wanke, mai aikin kuma ya wanke fuska da hannu kafin ya ci abinci ko ya ɗauki yaro.

Haɗarin gobara ma yana tattare da garin. Ƙura mai laushi da ta cika iska tana iya kamawa gaba ɗaya ta fashe, kamar yadda ya faru a masana'antun katako biyu a yammacin Kanada a 2012, da wata masana'antar garin katako a Bosley ta Ingila a 2015 inda mutum huɗu suka mutu. Yawan ƙurar da ke kai ga fashewa ya ninka iyakar lafiya sau dubbai, don haka a ƙaramin ɗaki abin tsoro shi ne tartsatsin injin gurza ƙarfe ya faɗa cikin tarin gari, ya ci a ɓoye na sa'o'i, ya tashi cikin dare. Ba a gurza ƙarfe kusa da buhunan gari, ba a zuƙe tartsatsi da injin da ke ɗauke da garin katako, ana kuma zubar da duron kafin a rufe ɗaki. Ɓaraguzan katakon asali suna da kasuwa wurin masu kiwon kaji da masu murhun gari, amma garin MDF, da na katakon da aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, da mai tsohon fenti, a ware su daban, ba na girki ba ne.

Alamun da ya kamata su kai mutum asibiti su ne numfashi mai fito da ƙara ko tarin dare da ke lafawa idan an yi hutun Sallah ko tafiya, ya dawo da an koma aiki. Tarin da ya wuce mako biyu, wanda ke buƙatar gwajin kaki don a tabbatar ba tarin fuka ba ne. Da kuma toshewar hanci ta kafa ɗaya da ta ƙi wucewa, musamman idan tana zuwa da jini ko raguwar jin ƙamshi, ko da mutum ya bar sana'ar shekaru da yawa. A kowane hali a gaya wa likita irin aikin da ake yi, da shekarun da aka yi ana yin sa, da irin katakon da aka fi taɓawa, a kuma faɗa masa cewa ɗakin aikin a cikin gida yake idan mara lafiyar yaro ne ko matar gidan.